Wa Zai Riƙe Ɗakin Magani a Gure?

Duk lokacin da aka kawo shawarar a koya wa ɗaliban sakandare aikin ɗakin magani, abin da ake fara cewa shi ne magani ba abin wasan yara ba ne. Gaskiya ne, sai dai maganar ta zo a makare. Wanda ya san kasuwar Gure, ko ta Gidigir, ko ta Subdu ran da take ci, ya san a hannun wa magani yake. Samari ne da faranti a ka ko kwali ɗaure a bayan babur, wasunsu ba su cika ashirin ba, kuma a cikinsu akwai ƴan lakwal da suka faɗi jarrabawar BEPC ta ƙarshen kwaleji ko suka bar aji tun kafin su kai gare ta. Su ke ƙirga wa uwa ƙwaya huɗu ta amoksisilin saboda kuɗinta iya nan suka tsaya, su ke cewa jar ƙwaya ta ciwon baya ce, rawaya ta ƙarin ƙarfi. Matasa sun riga sun shiga harkar magani ba tare da sun nemi izinin kowa ba. Abin da ya rage a yanke shi ne ko za su ci gaba da yi da ka, ko kuwa za su yi da sani, ƙarƙashin idon wani, da matsayin da doka ta amince da shi. Ra'ayina shi ne a buɗe wannan horo ga waɗanda suka gama kwaleji, amma da sharaɗi guda mai nauyi: kada a ɗauki ɗalibi ko ɗaya sai an san gurbin da zai zauna idan ya gama. Horon da ba gurbi a ƙarshensa, abin da zai ƙara wa kasuwa kawai shi ne ɗan talla wanda ya iya karanta kwali.

Giɓin da ake son cikewa yana da tarihi. A 1962 gwamnatin Nijar ta kafa ofishin magani na ƙasa, ONPPC, ta ba shi ikon shigo da magani shi kaɗai, shi kuma ya buɗe farmasin gwamnati a manyan garuruwa. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako cewa maras lafiya ya riƙa biyan wani abu, a juya kuɗin a sake sayo magani, Nijar ta mai da wannan tsari doka a 1995. A tsakanin nan aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kuɗin maganin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo, talaka ya juya ga mai araha da ke kwararowa daga kasuwannin Najeriya. Dokar harkar magani ta Janairun 1997 ta kawo ƙarshen babakeren ONPPC, ƴan kasuwa masu izini suka shigo. Daga 2006 kuma aka ce yara ƴan ƙasa da shekara biyar da awon ciki kyauta ne, gwamnati za ta biya daga baya, kuma binciken cibiyar LASDEL ta Yamai ya nuna yadda jinkirin biyan ya riƙa barin ɗakunan magani wayam. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya ƙara wa ƙaramar likitar karkara, wato CSI, nauyin lissafi da ajiya da oda. Amma a yawancin CSI wannan nauyi ya faɗa ne a kan majo, shugaban likitar, wanda ke da layin marasa lafiya a ƙofarsa, ko a kan mai karɓar kuɗi da kwamitin gari ya ɗauka, wanda amana ce ta kawo shi wurin, ba karatun magani ba.

A Gure nisa yana ninka matsalar. Garin yana kusan kilomita 170 gabas da Damagaram a kan hanyar Difa, daga Yamai kuwa ya haura kilomita 1000. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da dubu 300 a gundumar, warwatse daga Bune a kudu zuwa Kelle da Alakos a arewa, tsakanin tuddan rairayi da kwaruruwan kanwa da dabino, inda tafiyar da ba ta da tsawo a taswira kan cinye wa mota yini. Masu digirin haɗa magani a ƙasar ba su da yawa, shekaru da dama a Dakar da Bamako da sauran ƙasashe ake horar da su, kuma mafi yawansu a Yamai suke, inda farmasi ke iya riƙe kanta. Ba laifinsu ba ne. Wanda ya shekara shida ko fiye a jami'a ba zai buɗe farmasi a ƙauyen da cinikin yini bai kai jika biyar ba, kuma ko jami'o'in ƙasar sun ninka waɗanda suke yayewa, ba a wannan zamani za a ga mai digiri a kowace CSI ba. Ta kudu kuma iyaka ce da Najeriya, Machina da Nguru sun fi Yamai kusa nesa ba kusa ba, kuma kaya ba sa jiran takarda. Idan halattaccen magani yana nesa, mai tsada, kuma yana yankewa, na bayan babur shi ne ke cin kasuwa.

Abin da ke cikin kwalin nan na bayan babur ba a bar shi ga zato ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici jabu ne ko maras inganci. Rahoton ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi na 2023 ya ce a ƙasashen Sahel adadin yana tsakanin kashi 19 zuwa 50 cikin 100, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro jabu ko maras inganci kaɗai yana da hannu a mutuwar mutum har dubu 267 a shekara a Afirka kudu da Sahara. Nijar ta ɗanɗana kuɗarta. A annobar sanƙarau ta 1995 an yi wa mutum fiye da dubu 50 allurar rigakafin jabu, aka danganta mutuwar kimanin 2500 da ita, kuma a 2015 da 2019 an sake samun jabun rigakafin sanƙarau a ƙasar. Abin lura a labarin 1995 shi ne ba ɗakin gwaji ne ya fara tona asirin ba, ma'aikatan da ke riƙe da kwalaben ne suka ga garin ba ya narkewa yadda ya saba. LANSPEX, ɗakin gwajin ingancin magani na ƙasa, yana Yamai. Abin da Kelle za ta iya samu shi ne ido mai horo a bakin kanta.

Yana da kyau a faɗi ainihin aikin, domin masu suka da masu goyon baya duka sukan ɗauka ƙaramin likita ake son ƙerawa. Mataimakin ɗakin magani ba ya duba maras lafiya, ba ya rubuta magani. Rabin aikinsa ajiya ce. Yawancin ƙwayoyi an yi su ne don su zauna a zafin da bai wuce digiri 25 ko 30 ba, a Gure kuwa bazara tana haura 40, ɗakin kwano ya fi haka. Oksitosin da ake yi wa mai haihuwa don tsai da zubar jini, da insulin, da alluran rigakafi, suna son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, kuma oksitosin da ya sha zafi kamanninsa ba sa canjawa, ƙarfinsa ne ke tafiya, ba wanda zai sani sai ranar da ake buƙatarsa. Mutumin da ke duba ma'aunin firji safe da yamma ya rubuta, wanda ke fitar da kwalin da ya fi kusa da lalacewa kafin sabo, wanda ya san cewa odar maganin zazzaɓi ta damina tun kafin ruwan farko ake yin ta, yana tsare rayuka ba tare da ya taɓa jikin kowa ba. Sauran rabin aikin kuma magana ce. Maganin zazzaɓi na artemeta da lumefantirin sau shida ake sha cikin kwana uku, yawan ƙwayar kuma da nauyin jiki yake tafiya, ɗaya ga yaro mai kilo 5 zuwa 14, har huɗu ga wanda ya kai kilo 35, kuma jiki ya fi karɓarsa in an sha da nono ko abinci mai maiƙo. Duk wannan a rubuce yake da Faransanci ko Ingilishi a takardar da ke cikin kwali. Matar da ta zo daga ruga ko daga wani ƙauyen Manga, da Fillanci ko Barbarci ko Hausa za ta fahimce shi, ko Tubanci in daga arewa ta fito. Ma'aikacin da aka turo daga yammacin ƙasa, duk iliminsa, sai ya nemi tafinta. Ɗan gari da ya gama kwaleji yana da harshen takardar da na matar duka biyu, kuma wannan ba a koyar da shi a jami'a.

Ƙasashen da suka daɗe da wannan matsayi ba su jira mai digiri ba. A Jamus tun 1968 doka ta san mataimakin mai haɗa magani, kuma wanda ya yi shekara goma a makaranta yake shiga, ya yi shekara biyu a aji da wata shida a farmasi. Shekara goma ita ce daidai firamare shida da kwaleji huɗu na Nijar. A Najeriya makarantun fasahar kiwon lafiya, irin ta Kano da ta Kankiya, suna horar da su bayan sakandare. A Amurka wasu makarantun sakandare suna saka darasin a shekarun ƙarshe, ɗalibi ya fita ya zauna jarrabawar samun shaida. Wannan na Amurka shi ne ya fi jan hankali a takarda, kuma shi ne bai dace da Gure ba. A can duk kantar da yaron zai tsaya akwai mai digiri a bayansa yana sake duba kowace ƙwaya. Ban da haka, ɗan lise a Gure yana cikin ƴan ƙalilan da suka tsallake siraɗi, idonsa yana kan jarrabawar bak da jami'a, in ya samu ba zai dawo ya ƙirga kwali a Gamu ba. Ƙara masa awa biyu a mako a ajin da ba ma'auni ba firji ɓata lokacinsa ne. Ƙofar da ta dace ita ce ta bayan BEPC, a matsayin hanya mai cin gashin kanta ta shekara uku, karatu a aji da aiki a ɗakin maganin asibitin gunduma suna tafiya tare, jarrabawar ƙarshe kuma ta ƙasa ce, a hannun ma'aikatar lafiya. Makarantar kiwon lafiya ta ƙasa da ke Damagaram ta isa ta riƙe manhaja da jarrabawa.

Sukar ƙuruciya ita ce mafi sauƙin amsawa, domin gwamnati da kanta ta riga ta amsa ta. Ma'aikatan lafiya na matakin farko, ASB, da BEPC ake ɗaukarsu, su yi shekara uku, su fito suna allura suna karɓar haihuwa. Idan an yarda ɗan shekara goma sha tara ko ashirin ya riƙe sirinji, da wuya a ce bai isa ya riƙe littafin ajiya ba. Abin da ya cancanci damuwa shi ne raunin karatun da ɗalibai ke fitowa da shi daga kwaleji, musamman lissafi. Wanda bai iya raba miligiram da kilo ba haɗari ne a ɗakin magani ko shekararsa nawa. Maganin wannan shi ne jarrabawar shiga mai tsauri a kan lissafi da karatu, da shekarar farko da za a kashe a kansu, ko da hakan zai sa waɗanda za su wuce su yi kaɗan.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi, kuma daga masu digirin haɗa magani take fitowa. Suna cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne: jahili yana tsoron abin da bai sani ba, amma wanda aka ba farar riga da takarda zai ɗauki kansa likita, jama'a ma su ɗauke shi haka, ya riƙa ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ga duk mai mura. Ba tsoron banza ba ne. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cuta sun daina jin magani, kuma yammacin Afirka ne ke kan gaba idan aka kwatanta da yawan jama'a. Ga kuma tiramol, wanda ribarsa a mako za ta iya fin albashin wata, da sirop mai kodin da Najeriya ta hana a Mayun 2018. Saurayin da ke da mabuɗin ɗakin magani abokansa za su san yana da shi. Sai dai wannan suka tana auna mataimaki mai horo da mai digiri, alhali a Alakos ba mai digirin ba ne abokin takararsa, mai faranti ne. Mai faranti ba shi da abin da za a ƙwace masa sai kayan yini ɗaya, gobe ya sake sari. Mai shaida yana da suna a rajista, da wurin zama da aka sani, da littafin da za a iya buɗewa a ƙirga, da izinin da zai iya rasawa. Hukuma tana iya hukunta wanda ta sani ne kawai. Tanzaniya ta gwada wannan tun 2003 a yankin Ruvuma: ta ɗauki ƙananan shagunan magani na karkara, ta horar da masu sayarwa, ta ba su taƙaitaccen jerin magungunan da aka yarda su riƙe, ta sa masu duba su, daga baya tsarin ya game ƙasar da dubban shaguna. Bai kawar da sayar da magani ba bisa ƙa'ida ba, bincike ya ci gaba da samun masu yi, musamman inda dubawa ta yi sanyi. Abin da za a ɗauka daga can shi ne horo da taƙaitaccen jeri da dubawa tare suke aiki, kuma dubawa ce aka fi saurin yin sakaci da ita saboda tana cin man mota.

Suka ta uku ita ce ta fi duka, kuma ita ta sa na gindaya sharaɗin gurbi. Nijar ta riga ta ga abin da ke faruwa idan aka buɗe makarantun lafiya ba tare da lissafin aiki ba. Makarantu masu zaman kansu sun yawaita a Yamai da Maraɗi da Damagaram, iyaye suna sayar da dabbobi su biya, yara su fito da takarda su shekara da shekaru suna aikin sa kai a likita ba albashi, suna jiran ɗaukar ma'aikata da ba ta zuwa sai jefi-jefi. Mai aikin jinya da ya rasa aiki yakan yi allura a gida. Mataimakin ɗakin magani da ya rasa aiki, ya san sunayen magunguna, ya san inda ake sari, ya san abin da ke tafiya, ba sai an faɗi abin da zai yi ba. Shi ya sa lissafin ya kamata ya faro daga ƙarshe. Guraben suna nan, kuma ba duka ne ke jiran albashin gwamnati ba. Akwai kujerar mai karɓar kuɗi da ajiyar magani a CSI, wadda ake biya daga kuɗin shiga, ana iya cewa daga wata shekara duk wadda ta zama ba kowa mai wannan shaida za a ba. Akwai depo, ƙaramin shagon magani mai izini a inda babu farmasi, ana iya ɗaure izininsa da shaidar, a haɗa shi da sari daga ONPPC ko dillali mai rajista. Akwai ɗakin maganin asibitin gunduma, da farmasin ƴan kasuwa a Damagaram da ke koya wa masu tsayawa kanta aiki da baki. Akwai kuma rabon maganin rigakafin zazzaɓi ga yara da ake yi wata-wata a damina tun 2013, wanda ke buƙatar mai lissafin kwali. A ƙirga waɗannan a gundumar, in ashirin ne a ɗauki ashirin, a rufe ƙofa sai wasu sun buɗu. Makarantar da kuɗin ɗalibai ke riƙe da ita ba za ta taɓa yarda da wannan iyaka ba, don haka aikin na gwamnati ne.

Batun kuɗi bai kai yadda ake zuzuta shi ba. An riga an shimfiɗa cibiyoyin koyon sana'a a ƙananan hukumomi da kwalejojin fasaha a gundumomi, akwai kuma asusun FAFPA da aka kafa don horon sana'a. Aji ɗaya na ɗalibai kaɗan ba ya buƙatar sabon gini. Abin da ke da wuyar samu shi ne malami, domin ba za a yi wannan horo ba sai da mai digirin haɗa magani zaune a Gure, yana koyarwa, yana kuma zagaya waɗanda suka fita. Wannan mutum ɗaya shi ne tsadar shirin ta gaske, kuma in ba a iya ajiye shi ba gara kada a fara. Ta wani gefen kuma shirin yana iya riƙe ƴan mata a karatu, a yankin da aure ke fitar da su da wuri. Uba da ba zai bar ƴarsa ta tafi birni shekara bakwai ba yana iya yarda da shekara uku a garinsu, da aiki na zaune a ƙarshe, kuma mata sun fi sakin jiki su tambayi mace game da maganin tazarar haihuwa ko na ciwon mara.

Saura masu faranti na yanzu, waɗanda ba a cika son ambatonsu a irin wannan shawara ba. Kamu kaɗai ba ya gamawa da su. A Fabrairun 2024 hukumomin Najeriya sun rufe shagunan magani fiye da 1300 a Sabon Garin Kano don tilasta wa dillalai komawa cibiyar sari ta Dangwauro, kuma wannan ya yiwu ne saboda akwai inda za a ce su koma. A ƙauyen da ba depo, kore mai faranti yana nufin ba parasetamol da dare. Waɗanda ke da BEPC a cikinsu ya kamata a ba su damar zama jarrabawar shiga ko sun ɗan wuce shekaru, domin sun san ciniki kuma jama'a sun san su. Sauran, waɗanda su ne mafi yawa, shirin ba shi da abin da zai ba su, za su ci gaba da sayar da ƙwaya ɗaiɗai da bashi, abu biyu da depo mai izini ba zai iya yi ba. Ƙauye zai koma ga depo ne kawai idan kayansa ba sa yankewa kuma farashinsa bai yi nisa da na kasuwa ba, wannan kuma ya rataya ne a kan motar da ke kawo magani daga Damagaram, ba a kan abin da aka koyar a aji ba.